In An Hana Yaronka Diyyar Nakasa: Yadda Ake Shirin Ɗaukaka Ƙara

'Yan'uwa fatake, kowa ya san sana'armu ba ta rabo da hatsari. Sa yakan soki mai lodi a kara, tirela takan kife da direba da 'yan rakiya tsakanin Maigatari ko Illela da Legas, mutum ya tashi ba hannu ko ba ƙafa. Da yawa cikin yaran nan a ƙarƙashin masu motocin Najeriya suke aiki, don haka dokar can ce ta hau kansu. Wannan bayani a kanta yake. Wanda ke da rajista da CNSS a Nijar, tasa hanyar daban ce.

Dokar ita ce ta biyan diyyar ma'aikata ta shekarar 2010, hukumar NSITF ke gudanar da ita. Ubangida ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, ba a cire ko sisi daga kuɗin yaro. Wanda ya nakasa gaba ɗaya, har abada, ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa wata-wata. Dokar ta ɗauki yarjejeniyar baka tamkar ta takarda, ta kuma haɗa da mai aikin wucin gadi. Sai dai falke mai cin gashin kansa ba ya ciki, ma'aikaci kawai ta sani.

To, in an nema an ce a'a fa? Ba a rufe ƙofa ba. Amma a kula da kwanaki. Daga ranar da aka yanke hukuncin, kwana 180 gare ka ka rubuta wa hukumar cewa ta sake dubawa. In suka wuce, hakkinka ya faɗi. Ita ma hukumar kwana 180 doka ta ba ta ta gama. In har yanzu ba ka gamsu ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano da Sakkwato da Kaduna da wasu biranen. Kada a ce bari sai bayan kasuwar Layya. Ranar da takardar ta iso, a rubuta kwanan watan da aka yanke hukuncin a littafi, a fara ƙirga daga nan.

Abu na farko, a nemi wanda zai karanta takardar ƙin biyan tsaf, a gane dalilin da suka kafa. Wannan dalilin shi kaɗai za ka je ka rusa. Ga guda uku da ya kamata a yi wa shiri.

Na ɗaya, su ce an makara. Doka ta ce ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, ubangida ya sanar da hukuma cikin kwana 7, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara 1. In akwai uzuri na musamman, ana iya karɓa har zuwa shekara 3. Saboda haka in yaro yana kwance a asibiti ne lokacin, a kawo takardar kwanciya da ta sallama.

Na biyu, su ce ba a bakin aiki abin ya faru ba. Dokar ta san akwai aikin da ba ya zama wuri ɗaya, kuma direba da ɗan rakiya hanya ce wurin aikinsu, muddin ubangida ne ya tura su. A nan takardunmu na yau da kullum ke da rana: rasit na kara, takardar lodi mai lambar mota, takardar malamin dabbobi, takardar duwan ta bakin iyaka, da rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra. A haɗa da shaidu biyu ko uku waɗanda suka gani da idonsu, ba waɗanda aka ba labari ba. In ba takardar ɗaukar aiki, littafin biyan albashi da shaidar shugabannin tasha na iya nuna cewa yaron ɗan gidan ne.

Na uku, su ce raunin bai kai nakasa ba. Wannan maganar likita ce. A koma asibiti a nemi rahoto sabo wanda zai faɗi abin da mutum ba ya iya yi yanzu, kamar taka kuloci, hawa bayan mota, riƙe igiyar sa, ko tsayuwa mai tsawo. A tafi da hoton ƙashi da katin asibiti. Ɗorin gida, komai kyansa, ba ya barin takarda, don haka ko an je wurin maɗori a bi ta asibiti.

Kafin ranar zama, a jera takardun bisa kwanan wata, a yi musu hoto, a riƙe na asali. Duk abin da aka miƙa a ofis, a sa su buga hatimi a kan kwafinka. In magana ta kai kotu, a ɗauki lauya. Da Turanci ake shari'a, don haka a nemi tafinta tun da wuri. A duba sunan yaro ya zo ɗaya a katin shaida da takardun asibiti, domin rubutun Faransanci da na Ingilishi sukan saɓa, a nan Mahamadou, a can Muhammadu.

Ran zama, a iso da wuri tare da shaidu. Mai ƙara ya faɗi gaskiya yadda take, kada ya ƙara gishiri, kada kuma kunya ta sa ya ce "da sauƙi" alhali ba ya iya ɗaga buta. Abin da bai tuna ba ya ce bai tuna ba.

Ku kuma iyayen gida, in kuna da ma'aikata a Najeriya ku yi musu rajista, in kuwa hayar mota kuke yi ku tambayi mai ita ko ya yi wa nasa. Allah ya kiyaye hanya.