Kuɗin jinya a Birtaniya: an daina jiran kwana uku

 Yau shirin namu ya leƙa Birtaniya, inda aka taɓa dokar biyan ma'aikaci idan ya kwanta rashin lafiya, taɓin da duk mai ɗaukar ma'aikata zai ji a aljihunsa.

A ce ga wata baiwar Allah mai aikin kula da tsofaffi a Manchester, irin aikin da 'yan Najeriya da dama ke yi a can. Ta farka da asuba, jiki rau, kai na sarawa. Kafin ta nemi magani sai ta fara lissafi, domin a tsohuwar doka kwana ukun farko ba ta da ko sisi, sai a rana ta huɗu kuɗi ke fara shiga. Sai ta haɗiyi ƙwaya biyu, ta zura rigar sanyi, ta nufi tashar bas, ta kwashi murarta ta kai wa tsofaffin da tari kaɗan ke iya kayar da su.

Wannan lissafin ne sabuwar dokar haƙƙin ma'aikata, wadda Sarki Charles ya amince da ita a watan Disambar 2025, ta zo ta rushe. Daga 6 ga Afrilun 2026, biya yana farawa tun ranar farko. An kuma cire shingen da ke cewa sai mai samun aƙalla fam 125 a mako ne ya cancanta, shingen da ya daɗe yana barin masu shara da masu aikin 'yan sa'o'i a waje. Yanzu ana biyan fam 123.25 a mako, ko kashi 80 cikin ɗari na abin da mutum ya saba samu, duk wanda ya fi ƙanƙanta, har zuwa mako 28. Mai samun fam 100 ke nan zai karɓi fam 80. Ba kuɗin da zai biya hayar ɗaki ba ne, gaskiya, amma ya fi babu.

To wa zai biya? Mai kamfani, daga aljihunsa. Tun 2014 gwamnati ta daina mayar wa masu ɗaukar aiki kuɗin jinya, in ban da ɗan sassaucin lokacin korona. Saboda haka mai ƙaramin gidan abinci da ke da ma'aikata biyar, in biyu suka kwanta a mako guda, shi zai biya su, shi zai nemo masu riƙe musu aiki.

Kuɗin haihuwa kuwa daban yake. Mai jego tana da mako 39 na biya, shida na farko a kan kashi 90 na albashinta, kuma hukumar haraji tana mayar wa kamfani kashi 92 na abin da ya fitar. Ƙananan kamfanoni ma duka ake mayar musu, har da ɗan ƙari a kai. Tun Afrilun 2025 kuma, iyayen jaririn da aka kwantar a asibiti kwana bakwai a jere suna iya samun ƙarin hutu har mako 12.

Sai maigida, uban jariri. Hutunsa na mako biyu yanzu haƙƙinsa ne tun ranar da ya kama aiki, amma kuɗin hutun sai wanda ya cika mako 26 a wurin. Wanda ya fara aiki watan jiya zai zauna a gida ya yi suna, sai dai ragon daga ajiyarsa zai fito.