Bayan Tafiyar Sojan Baƙi, Wa Zai Tsare Gida?

Tun da sojoji ƙarƙashin jagorancin Tchiani suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, zancen korar dakarun ƙasashen waje ya zama ruwan dare a majalisun Kano. A teburin mai shayi na Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi, ko a dakalin ƙofar gida a Tarauni bayan sallar Isha'i, gardamar ba ta canzawa. Wani ya ce, "Ai Tchiani namijin duniya ne, ya kori Turawa." Wani ya amsa, "To sun tafi, an daina kashe mutane?" Kowanne da gaskiyarsa, amma muhawarar ta fi ƙarfin wannan musayar, kuma ta shafe mu kai tsaye, domin Maraɗi da Damagaram ba su da nisa da mu.

Sai mu fara tantance abu guda. Mamaya irin ta 1903, lokacin da sojojin Ingila suka fasa ganuwar Kano da bakin bindiga, daban take da girke dakaru bisa yarjejeniya. Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013 ne bisa gayyatar hukumomin Bamako, har mutanen Tumbuktu suka yi wa shugaba François Hollande tarba ta ban mamaki. Shekara tara bayan nan, a Agustan 2022, sojojin suka fice ana yi musu ihu. Yadda mai ceto ya rikiɗe ya zama ɗan mamaya a idon jama'a shi ne tushen gardamar.

Masu cewa a fita suna da hujjoji masu nauyi. Kafin a kore su, Faransa na da sojoji kusan 1,500 a Nijar, Amurka kuma kimanin 1,000, har da sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas wanda gininsa ya ci fiye da dala miliyan 100. Duk da haka, a Disambar 2019 aka kashe sojojin Nijar 71 a Inates, wata guda bayan nan aka kashe wasu 89 a Chinagodrar. Talaka ya yi tambayarsa: na'urar da ke hango komai daga sama, ta kasa ganin ayarin babura? Ga kuma abin da ya faru a Tera a Nuwamban 2021, inda matasa suka tare ayarin motocin sojan Faransa, aka yi harbi, mutum uku suka rasu. Tun daga nan zukata suka ƙara yin nisa. Faransa ta kwashe sojanta na ƙarshe ranar 22 ga Disambar 2023, Amurka kuma ta kammala ficewa a Satumban 2024.

Masu cewa a yi hattara su ma ba banza suke magana ba. Suna tunatar da mu cewa Amurka ta bar Iraƙi a 2011, bayan shekara uku Mosul ta faɗa hannun ISIS. A Afganistan ma, ba a gama kwashe sojoji a Agustan 2021 ba Taliban ta shiga Kabul. A Sahel ɗin kanta jini bai tsaya ba: an kai hari cikin Bamako a Satumban 2024, kuma a Maris ɗin 2025 aka kashe masallata 44 a Fambita, yankin Tillaberi, ranar Juma'a cikin watan azumi. Gaskiya ne sojojin Mali sun karɓe Kidal a Nuwamban 2023, abin da ya gagara tsawon shekaru, amma ƙauyuka da yawa har yau ba su san barci mai daɗi ba.

Akwai kuma abin da masu murna ba su cika son a taɓo ba. A Afrilun 2024, kafin Amurkawa su gama haɗa kayansu, masu horar da soja daga Rasha suka sauka a Yamai. Mu ma mun ga inuwar wannan a titunan Kano a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024: yara da samari na ɗaga ƙyalle mai fari da shuɗi da ja, har aka kama masu ɗinka tutar ta Rasha. Fushin yunwa ne ya fito da su, amma wanda ya ɗauka tutar wata ƙasa za ta cece shi, yana iya yin gudun gara ya faɗa gidan zago. Kowace ƙasa mai ƙarfi buƙatarta ke kawo ta, ko ma'adinin yuraniyom ne, ko zinariya, ko wurin ajiye jirage.

Nijeriya ta taɓa yin wannan muhawara tun tana jaririya. Yarjejeniyar tsaro da Birtaniya ta 1960 ta ba sojan Ingila damar amfani da sararin samaniya da filayen jirgin ƙasar nan. Ɗalibai suka yi zanga-zanga har majalisa a Legas, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke ta a Janairun 1962. A Mayun 2024 kuma wasu masana daga Arewa, cikinsu har da Farfesa Attahiru Jega da Farfesa Jibrin Ibrahim, suka rubuta wa Shugaba Tinubu da shugabannin Majalisar Tarayya cewa kada a yarda a maido da sansanonin da aka tasa daga Sahel zuwa nan. Ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya ce babu wannan magana. Abin lura shi ne, a lokuta biyun bakin jama'a ne ya sa hukuma ta fito ta yi bayani.

Saboda haka, duk lokacin da zancen ya taso, ko a kan waɗanda za su tafi ko waɗanda za su zo, akwai tambayoyin da suka fi yabo da zagi amfani. Wa ya sa hannu a yarjejeniyar, kuma wakilan jama'a sun gan ta? Yaushe wa'adinta zai ƙare? In sojan baƙo ya harbe ɗan ƙasa, wace kotu za ta hukunta shi? In suka tafi, wa zai maye gurbinsu wajen leƙen asiri da jiragen ɗaukar waɗanda suka ji rauni? Albashi da kayan aikin sojan gida suna isa hannunsa kuwa?

Korar baƙi hakkin kowace ƙasa ne, kuma sanarwar minti biyar a talbijin ta ishe shi. Gina rundunar da za ta tsare manomi a gonarsa da fatake a hanyar Jibiya zuwa Maraɗi kuwa aikin shekaru ne, mai buƙatar kuɗi da gaskiya da shugabannin da ake iya tuhuma. Da wannan ma'auni ya kamata mu auna kowane shugaba, mai kaki ko mai babbar riga.