Graham Bond: Makaɗin Ogan da Yaransa Suka Fi Shi Suna

An haifi Graham Bond a garin Romford na ƙasar Ingila a 1937. Da saksofon ya fara yin suna, wato abin busar nan na ƙarfe, yana kiɗan jaz a ƙungiyar Don Rendell. A 1962 ya koma Blues Incorporated ta Alexis Korner, wadda a lokacin ita ce matattarar samarin Landan masu sha'awar kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka.

A nan hankalinsa ya karkata zuwa ogan ƙirar Hammond. Wannan na'ura aiki take da lantarki: wasu ƙananan faya-fayen ƙarfe ne ke juyawa a cikinta suna haifar da sauti, mai kaɗawa kuma yana jan wasu 'yan sanduna don ya kaurara muryarta ko ya sirantar da ita. A coci-coci aka fi saninta, sai kuma wajen makaɗan jaz irin su Jimmy Smith. Bond ya haɗa ta da lasifikar Leslie, wadda bakinta ke juyawa har sautin ya riƙa kaɗawa, ya kuma ƙure mata ƙara sai da ta koma gurnani. Wani lokaci hannu ɗaya na kan ogan, ɗayan na riƙe da saksofon yana busawa. Muryarsa ma a dushe take, ta dace da kiɗan.

A 1963 ya janye Jack Bruce mai gitar bas da Ginger Baker makaɗin ganguna daga Blues Incorporated, suka kafa tasu ƙungiyar. John McLaughlin ya ɗan taɓa kaɗa musu gita kafin Dick Heckstall-Smith ya gaje shi da saksofon. Ƙungiyar Graham Bond Organisation ke nan. A 1965 suka fitar da kundi biyu, The Sound of '65 da There's a Bond Between Us, inda aka ji Mellotron, na'urar da ke kunna sautin da aka naɗa a zaren kaset, tun kafin ta yaɗu.

Gidajen rawa kan cika idan suna wasa, amma faya-fayensu ba su yi kasuwa ba. Yaransa ne suka kwashi ribar. Bruce da Baker suka haɗu da Eric Clapton a 1966 suka kafa Cream, Heckstall-Smith da Jon Hiseman, wanda ya gaji Baker a kan ganguna, suka kafa Colosseum a 1968. Baker ɗin nan shi ne ya zauna a Legas daga baya, har ya yi faifai da Fela Kuti. Jon Lord na Deep Purple kuwa bai ɓoye cewa daga Bond ya koyi sarrafa Hammond ba.

Shi Bond ya yi zama a Amurka, ya dawo Ingila a 1969, ya shiga ƙungiyar Air Force ta Baker, tsohon yaronsa. Miyagun ƙwayoyi da tsafi suka shiga tsakaninsa da sana'arsa. Ya mutu ranar 8 ga Mayu, 1974, bayan jirgin ƙasa ya bi ta kansa a tashar Finsbury Park da ke Landan, yana da shekara 36.