Giyar Sassauci a Tsofaffin Motoci: Matsalolinta da Hanyoyin Neman Kayan Gyaranta a Yankin Bahindi

Garin Bahindi yana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kabi, watau yankin da ya yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Tun zamanin da ƙasar take ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a yanke Kabi a 1991, motocin da suka fi jure wa hanyoyin wannan sashe su ne Land Rover da akori-kurar Peugeot, wadda jama'a suka fi sani da Fijo. Yawancinsu sun riga sun tafi wurin 'yan gwangwan. 'Yan kaɗan da suka rage kuwa, abin da ya fi ba masu su wahala shi ne giyabos, musamman giyar nan da Turawa ke kira obadiraif, wadda a wannan maƙala za a kira ta giyar sassauci.

Ma'anar abin ba ta da wuya. A giya ta huɗu ta galibin tsofaffin motoci, idan inji ya juya sau ɗaya farfela ma sau ɗaya take juyawa. A giyar sassauci kuwa farfela ce ke rigan inji, ta yadda inji zai juya kamar sau 8, ita ta juya sau 10. Ta haka mota ke riƙe gudunta a miƙaƙƙiyar hanya alhali inji bai galabaita ba, ƙara ta ragu, shan mai ma ya ragu. Amma abin da aka samu a gudu an rasa shi a ƙarfin ja. Saboda haka direban da ya labta wa mota buhunan shinkafa, sa'an nan ya bar ta a wannan giya cikin yashi ko a hawa, shi da kansa yake cinye haƙoranta.

Ba iri ɗaya ba ce, kuma rashin sanin haka ne ke sa bakanike ya kwance abin da bai kamata ya taɓa ba. A Peugeot tana cikin giyabos ɗin kansa. Samfurin 403, wanda ya fito a 1955, giyarsa ta huɗu ita ce ta sassauci. A 504 da 505 masu giya biyar kuwa, ta biyar ce. Alamar lalacewarta ita ce kuka mai kama da fito, ko kuma sandar giya ta riƙa fizgewa ta koma furi da zarar an ɗaga ƙafa daga totur. Kafin a sauke giyabos ya kamata a duba man giya, domin ƙarancinsa ne mafarin yawancin wannan ciwo, sa'an nan a duba robobin da inji da giyabos ke zaune a kansu. Sai waɗannan sun fita daga zargi a koma kan boris da cokalin da ke tura giya.

Ta Land Rover dabam take. Kamfanin Fairey na Ingila ne ya ƙera ta a shekarun 1970, a matsayin ɗan akwati na musamman da ake ɗaurawa a bayan akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, da sandarta ita kaɗai kusa da direba. Ma'ajiyar manta ma dabam ce, kuma ƙarama ce ƙwarai. Nan ne gizo ke saƙa, don kuwa sau da yawa yaron mota zai cika babban giyabos da mai ya ɗauka ya gama, alhali ɗan akwatin ya bushe. Idan haƙoran ƙarfen da ya haɗa ta da sandar giyabos suka cinye, mota takan tsaya cak, inji yana kuka ƙafa ba ta motsi, kamar dai kuloci ya ƙone. Maganin gaggawa shi ne a cire akwatin gaba ɗaya, a mai da giyar asali da murfinta, mota ta ci gaba da tafiya da giyarta huɗu. Wannan ya sa tsofaffin direbobi masu hankali ba sa jefar da waccan giyar asali. Akan naɗe ta a tsumma a ajiye ƙarƙashin kujera.

Akwai iri na uku, na kamfanin Laycock, wanda ake samu a wasu Volvo 240 masu ɗan maɓalli a kan sandar giya. Wannan da wuta da matsin mai yake aiki, don haka idan ya ƙi shiga, fiyus da wayarin da matatar mai ake fara bi. Yana da makunnin da ke hana shi shiga sai a babbar giya, kuma kuskure ne babba a haɗa waya a tsallake makunnin, domin yin ribas yana ciki kan farfasa shi.

Dangane da kayan gyara kuwa, tarihin mulkin mallaka ya bar sawunsa a kasuwa. Benin, wadda ake kira Dahomey kafin 1975, Faransa ce ta mallake ta, don haka Peugeot ta yi yawa a can, kuma tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta daɗe tana karɓar tsofaffin motoci da kayansu daga Turai, har aka sami sunan "ɗan Kwatano" a bakin Bahaushe. Kayan sukan hauro arewa ta Parakou zuwa Kandi da Malanville, kuma daga Kandi ta Segbana ake faɗowa Tsamiya a ƙasar Bagudo. Ta ɓangaren Nijeriya ma Peugeot ba baƙuwa ba ce, tun da an fara haɗa ta a Kaduna a 1975, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can shekaru da dama bayan an daina yin ta a Faransa. Shi ya sa giyabos ɗinta bai cika gagara ba a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Ikko. Na Fairey da Laycock su ne abin nema; sai dai a ci sa'ar wata matacciyar mota a bayan gareji, ko a aika Ingila wurin masu sana'ar sabunta su.

Iyakar kanta takan shiga cikin lissafi. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan tudu, sa'an nan a Agustan 2019 ta rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020. A irin wannan lokaci mai mota a Bahindi, wanda Benin take kusa da shi, dole ya juya ya fuskanci Kano mai nisa.

Wanda zai sayi na hannu ya tafi da tsohon nasa, ko aƙalla lambar da aka buga a jikinsa, domin giyabos biyu kan yi kama a ido su saɓa a yawan haƙora. Ya juya sandar da hannu a kowace giya ya saurara, ya kwance notin zubar da mai ya duba ko akwai garin ƙarfe a jikinsa. In kuwa a ƙetaren iyaka ne cinikin, ya tuna cewa da sefa za a yi shi, kuma abin da ake ce wa giyabos a Bagudo, a Kandi "bwat" ne sunansa, daga Faransanci.