3.4 Ziyarar Buɗe Ido ta Mutanen Karkara Zuwa Birnin Kano

A wannan sashe za a yi bayani a kan irin tafiyar da mutanen ƙauyukan arewacin Kano kan yi a ƙungiyance domin ganin birni. Ƙasashen Ɗambatta da Bichi da Dawakin Tofa da Minjibir ƙasashe ne masu cunkoson jama'a, inda gona ke manne da gona, kuma ba a barin ƙasa ta huta. Saboda haka manomi ba shi da sukunin tafiya da damina, sai bayan an kai amfanin gona rumbu. Ko da yake tun da can akwai masu kai itace birni a kan jakuna su komo da taki, galibinsu kasuwa kawai suka sani. Yara da mata kuwa, da yawansu birni sai labari.

Ana iya kasa wannan ziyara gida biyu. Kashi na farko shi ne na masu bin hakimai zuwa hawan salla. A al'adance, Sarkin Bai kan shigo daga Ɗambatta, Madaki kuma daga Dawakin Tofa, kowa da dagatansa da mahaya da makaɗa. Samari kan bi wannan ayari domin kallon Hawan Daushe da Hawan Nassarawa. Wannan biki ne hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a shekarar 2024.

Kashi na biyu shi ne na 'yan makaranta. Akan yi karo-karo a ɗauki hayar mota, a yi guzurin fura da ƙuli-ƙuli, a tashi da asuba. Yawanci akan fara da Dutsen Dala, domin daga bisansa ne baƙo ke ganin shimfiɗar gari gaba ɗaya. Daga nan sai Kasuwar Kurmi da Gidan Makama, waɗanda tarihinsu ke komawa ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Akan kuma biya ta marinar Ƙofar Mata, inda ake rini da baba da toka, sannan a rufe da gidan namun daji na Audu Baƙo.

Babbar matsalar irin wannan tafiya ita ce ɓata. Yaron da ya saba gane hanya da kuka ko tsamiya ba shi da abin kamawa a lungunan Kurmi, domin duk kama ɗaya suke yi masa. Wannan ne ya sa akan nemi ɗan gari ya yi jagora, a kuma ƙidaya yara a kowane zango. Hausawa na cewa, baƙo ko da ido makaho ne.

Duk da haka, amfanin ziyarar ya fi wahalarta. Ɗalibin da ya tsaya gaban ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa a ƙarni na 12 ya fi wanda aka karanta wa a aji fahimta. Sai dai kuma ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gine-gine sun cinye sassa da dama na ganuwar. Idan ba a ɗauki mataki ba, nan gaba ɗan ƙauye zai biya kuɗin mota ya zo ya tarar da sunan ƙofa kawai. A sashe na gaba za a duba rawar da malamai ke takawa wajen shirya wannan ziyara.