Waƙa a Tallar Talabijin: Daga Yabon Mutum Zuwa Yabon Haja

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna yadda waƙar baka ta shiga tallar talabijin a ƙasar Hausa. A al'adance, mawaƙi irin Mamman Shata yakan wasa ubangida da kalangu, ya yi masa kirari, 'yan amshi su riƙa nanatawa. Da talabijin ya zo Kaduna a 1962, aka kuma kafa NTA a 1977, sannan CTV a Kano zamanin Gwamna Abubakar Rimi, sai 'yan kasuwa suka ari wannan tsari. Wato sabulu ko madara ta maye gurbin ubangida, amshi kuma ya zama hanyar dasa sunan haja a zuciyar mai kallo.

Sai dai akwai matsala. Hausa harshe ne mai karin sauti: kalmar "baba" tana iya nufin uba, ko uwa, ko shukar da ake rini da ita, gwargwadon hawa da saukar murya. Saboda haka, idan aka ɗora kalmomin Hausa bisa karin waƙar Turanci, ma'ana takan gurɓata. Wajibi ne, ashe, a bar mawaƙin da ya san harshen ya tsara karin tun daga tushe.