Daga Babbar Riga Zuwa Burmemiyar Tishat: Nazari Kan Suturar Samarin Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Funtuwa ko Malumfashi a 'yan shekarun nan, zai ci karo da samari sanye da wasu burma-burman riguna, kafaɗarsu ta zubo har dantse, ga wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa. Manya kan dube su su girgiza kai, su ce yaro ya sa rigar wansa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana inda wannan yayi ya samo asali, da dalilin da ya sa ya karɓu ga masu neman abinci ta intanet, sa'an nan a auna shi da suturar Bahaushe ta gargajiya. Daga ƙarshe za a duba tambayar da ta fi damun marubucin, watau, wa yake cin ribar rigar a ƙasar da aka sani da noman auduga?

Asalin yayin

Burmemiyar riga ta yi fice ne a biranen Amurka a shekarun 1980 da 1990, a hannun samari baƙar fata mawaƙan gambarar zamani, da masu wasan ƙwallon kwando. Daga nan talabijin ta yaɗa ta a duniya. Bayan wani lokaci sai yayin matsattsun kaya ya danne ta, har aka ɗauka ta tafi ke nan. Amma da annobar korona ta ɓulla a 2020, ofisoshi suka rufe, mutane suka koma yin aiki daga gida ta kwamfuta, sai ta sake samun kasuwa. Dalili kuwa a fili yake. Wanda zai wuni zaune gaban na'ura ba ya bukatar kwat da laƙtaye; abin da yake so shi ne tufar da za ta bar jikinsa ya sake.

Ƙasar Indiya misali ce mai kyau. Akwai ɗimbin matasa masu aikin kwamfuta a birane irin su Bangalor, waɗansunsu kuma suka ɗauki na'urorinsu suka tafi bakin teku a Goa, ko garuruwan tsaunukan Himalaya, suna aiki daga can. Irin waɗannan mutane muna iya kiransu 'yan ci-ranin intanet. Wanda duk kayansa jaka guda ce, lalle ya zaɓi rigar da ba ta son guga, wadda zai yi aiki da ita, ya hau jirgi da ita, ya kuma kwana a cikinta in ta kama.

Yadda ya iso gida

Ci-rani daɗaɗɗiyar al'ada ce a yankinmu. Tun zamanin kakanni, da an gama girbin dawa da masara, an kai auduga kasuwa, samari kan nufi Kano ko Kaduna ko Ikko, su dawo gab da damina da sabuwar sutura da sabon salon magana. Abin da ya sauya shi ne, yanzu akwai wanda yake ci-rani bai bar ɗakinsa ba. Yana zaune a Funtuwa yana zana tambarin kamfani, ko yana haɗa hotunan bidiyo, ko yana tallan hatsi da atamfa ta WhatsApp da Facebook. Ta wayar da yake aiki da ita yake ganin takwarorinsa na Indiya da Amurka, ta nan kuma yake ɗaukar yayinsu. Ba abin mamaki ba ne, domin tun zamanin gidajen silima Bahaushe yake da shaƙuwa da finafinan Indiya da adon 'yan wasansu.

Ga kuma yanayin ƙasarmu. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da bazara ta tsananta, matsattsiyar riga azaba ce, sakakkiya kuwa tana barin iska ta ratsa jiki.

Baƙon da ba baƙo ba ne

A nan ya kamata mu yi wa samarin adalci. Idan faɗin tufa laifi ne, to Bahaushe ya riga kowa aikata shi. Babbar riga faɗinta ya wuce hannuwan mai ita, sai ya naɗe ta ya ɗora a kafaɗa. Wandon buje kuwa, yadin da yake ci ya isa a fitar da wandon tsala fiye da ɗaya. Akwai saƙi, akwai tsamiya, akwai ƙore mai sheƙin baba, ga aikin allura irin su aska biyu da aska takwas, wanda maɗinkan birnin Zariya suka shahara da shi.

Bambancin yana ga ma'ana. Yalwar yadi a babbar riga shaida ce ta wadata da girma, domin mai ita yana nuna cewa ya iya sayen zaren da ya fi bukatar jikinsa. Takan kuma tilasta masa natsuwa, don ba a gudu da ita, ba a kuma noma da ita. Ita kuwa burmemiyar tishat saƙonta shi ne: ba ni da ofis, ba wanda ya yanka mini kayan aiki. Ta farko alamar muƙami ce a cikin jama'a, ta biyu alamar kuɓuta daga muƙami. Duk da haka sun haɗu a wuri guda, watau suturta siffar jiki. Uban da ya yi faɗa a kan ɗamammen wando shekarun baya, da wuya ya sami hujjar yin faɗa a kan wannan.

Ina audugarmu?

Babbar riga ta dā tun daga gona har wuyan mai ita 'yar gida ce. Manomi ya shuka auduga, mata su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa da mazari, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mabugi ya buga, maɗinki ya ɗinka. Riga ɗaya ta ciyar da gidaje da yawa. Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya bayyana yadda tufafin Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Da Turawa suka zo, ƙungiyar noman auduga ta Ingila, wato B.C.G.A., wadda aka kafa a 1902, ta mai da hankali ga samar wa masaƙun Lankasha ɗanyar auduga. Aka kafa gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Daga baya masaƙun zamani suka tashi a Arewa: ta Kaduna a 1957, sa'an nan waɗansu suka biyo baya, har Funtuwa ma ta sami tata. Amma rashin wutar lantarki, da tsadar man injuna, da kwararar yadi mai araha ta kan iyaka, suka durƙusar da mafi yawansu. Babbar masaƙar U.N.T.L. ta Kaduna ta rufe a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Da masu saye suka ragu, manoma da yawa suka koma masara da waken soya.

Saboda haka rigar da ke jikin saurayin Malumfashi, ko dai sabuwa ce daga Sin ko Indiya ko Bangaladash, ko kuwa gwanjo ce da aka kwance daga dila a kasuwa irin ta Ƙofar Wambai a Kano. A nan takwaransa na Indiya ya sha gabansa. Indiya tana cikin ƙasashen da suka fi noman auduga a duniya, kuma garin Tirupur na jihar Tamil Nadu ya yi suna wajen saƙa riguna irin waɗannan. Ba'indiye yana iya sa yayin Amurka da zaren ƙasarsa. Namu kuwa salon na aro ne, yadin ma na aro. Hausawa kuma sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Kammalawa

Zamani riga ne, in ji masu iya magana, kuma ba a taɓa hana samari sa tasu ba. A ganin marubucin, ɓata lokaci ne a tsaya gardama kan faɗin kafaɗa. Na taɓa ganin wani tela a Funtuwa ya ɗinka wa saurayi burmemiyar riga gajera da farin saƙi, ya ɗan yi mata aikin aska a aljihu, abokansa kuwa suka yi ta tambayar inda ya samo ta. Saurayin da ya iya tallan haja ga mutanen wata ƙasa ta wayarsa, zai iya tallan irin wannan. Mu kuma ɗaliban Hausa akwai aiki a gabanmu, na tattara sunayen tufafi da ɗinkuna daga bakin tsofaffin masaƙa da maɗinka tun suna raye, domin mai son sabunta abu sai ya fara sanin sunansa.